Tarihin Zaɓen Haziƙan Yara Domin Ilmi Mai Zurfi a Fagge da Sabon Garin Kano

Gabatarwa

Wanda ya tsaya a shataletalen Bata a Kano da sassafe ranar makaranta, zai ga yara suna ƙetare hanya ta kowane gefe, waɗansu daga lungunan Fagge, waɗansu daga layukan Sabon Gari, kowa da irin rigar makarantarsa. Wurin ya sami sunansa daga kantin takalma na kamfanin Bata, amma muhimmancinsa a tarihi shi ne kusancinsa da iyakar al'ummu biyu. Fagge tsohon zangon fatake ne a bayan ganuwa, tun da can yana ƙarƙashin Sarkin Kano. Sabon Gari kuwa Turawa ne suka yanka shi wajen 1913, bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, domin akawuna da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma.

A kowane aji na makarantar firamare a kan sami yaro ɗaya ko biyu waɗanda su kan gama lissafin da aka bayar tun malami bai ajiye alli ba. Ƙasa ba ta taɓa samun isassun gurabe na ilmi mai zurfi ba, saboda haka tilas a yi zaɓe. Wannan takarda za ta bi tarihin zaɓen nan a unguwannin biyu, ta duba wanda ya ke zaɓe, da mizanin da ya ke amfani da shi, da kuma yaran da ba a kai su gaban mizanin ba. Za a ga cewa an sauya mai zaɓe har sau uku: daga idon malami da na hakimi zuwa takardar jarrabawa, daga nan zuwa jarrabawa haɗe da takardar shaidar asali. Lissafi ne babban rariya a kowane zamani. Amma babu zamanin da aka auna yara duka, kuma galibi tun kafin ranar jarrabawa a ke yanke wa yaro hukunci.

Kafin Zuwan Turawa

Ilmin lissafi bai zo ƙasar Hausa tare da boko ba. Malamai sun san shi da sunan hisabi, kuma babbar ƙofarsa ita ce ilmin rabon gado. Alƙalin da zai fitar wa mace tumuni, watau kashi ɗaya daga takwas, idan mijinta ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba, ya fitar wa uwa sudusi, sa'an nan ya raba saura namiji ya sami ninkin rabon mace, lalle sai ya ƙware a kan gutsattsarin adadi. Akwai kuma waɗanda suka zurfafa fiye da haka. Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin tsara hatimi, watau jera lambobi cikin gidaje yadda jimlar kowane layi za ta zo daidai da ta ɗan'uwansa. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ba jarrabawar rana ɗaya ke kai almajiri ga irin wannan matsayi ba. Malami yana zaune da almajiransa shekara da shekaru, yana ganin wanda haddarsa ta fi sauri, da wanda ya ke yin tambayar da sauran ba su yi ba. Sa'ad da ya ga almajiri ya ƙure abin da ke wurinsa, sai ya sallame shi zuwa wurin wani malami wanda ya shahara a fannin. Kyawun wannan hanya shi ne mai zaɓe ya san wanda ya ke zaɓa ciki da waje. Aibinta kuwa, ɗan gidan malamai ya fi samun mai lura da shi, 'ya mace kuma sai in a gidansu akwai mai karantar da ita.

A zangon Fagge akwai wani lissafin dabam, na fatake da dillalai. Ana ƙirga wuri biyar biyar har a cika keso, watau wuri zambar ashirin, ana kuma lissafa la'ada da bashi da ka. Yaron da ya nuna kaifin kai a nan, ubangida ya kan jawo shi kusa ya riƙe masa dukiya. Wannan ma zaɓe ne, ko da ya ke babu wanda ya kira shi ilmi.

Tsanin En'e: Elementare, Midil, Kwaleji

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa, da sashen malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na koyon sana'a. Da Hausa a ke koyarwa, lissafi kuwa yana cikin manyan darussa, gama mulkin sabon zamani yana bukatar masu rubuta haraji da jangali, da malaman taki masu awon gonaki, da ma'aikatan baitulmali. Tun daga farko, ke nan, an nemi yaro mai lissafi ne domin wani aiki da a ke jiransa da shi.

A 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. An gina ta ne domin horar da malamai daga cikin 'ya'yan Musulmin lardunan Arewa. A 1929 aka haɗa ma'aikatun ilmi na Arewa da Kudu ƙarƙashin Darekta guda, E. R. J. Hussey, shi ne kuma ya daidaita tsani mai hawa uku: elementare, midil, da kwaleji. A Kano, yaron birni ya kan fara a elementare irin ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, wadda tarihinta ke komawa 1927, ita ce Kwalejin Rumfa ta yau. Daga nan ƙalilan su kan tafi Kwaleji, wadda ta ƙaura daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, sa'an nan zuwa Zariya a 1949, daga baya aka sa mata suna Barewa.

Hawa na farko ba ruwansa da haziƙanci. Hukuma ta kan ɗora wa hakimi adadin yaran da zai kawo, hakimi ya ɗora wa dagaci da mai unguwa. Da ya ke mutane da yawa suna ƙyamar boko, iyaye su kan ɓoye 'ya'yansu, waɗansu masu sarauta kuma su kan tura 'ya'yan barorinsu da na talakawa maimakon nasu. Babu takardar haihuwa, saboda haka a kan ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓa kunnen ɗaya gefen. In hannu ya kai, ya isa shiga makaranta. Yaron Fagge wanda ubansa ke bukatarsa a rumfa, kuma ya ke da hanyar roƙon mai unguwa, ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan, kome kaifin kansa.

A hawa na biyu ne a ke fara duban ƙwazo. Bayan shekara huɗu ana karatu da Hausa, sai a gwada yara, musamman a kan lissafi da rubutu, Baturen makaranta kuma ya gana da su, a haɗa da shaidar babban malami. Lissafin kuwa na tarawa ne da ɗebewa da ninkawa da rabawa, da lissafi da ka, da na kuɗi, wanda ba shi da sauƙi ga ƙaramin yaro: kwabo goma sha biyu sule guda, sule ashirin fam guda. Na tsawon shekaru galibi midil guda ce a lardi, Lardin Kano kuwa ya fi kowane yawan jama'a. A midil a ke shiga Turanci sosai, a nan ne kuma a ke shirya yaro domin aljabara da ilmin awon siffofi.

Ba a musun cewa wannan tsani ya fid da mutane. Ahmadu Bello ya yi Katsina daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Malam Aminu Kano da Maitama Sule sun bi ta Shahuci da Midil ta Kano zuwa Kwalejin Kaduna. Murtala Muhammad ya bi ta Midil ta Kano zuwa Zariya. A fannin lissafi kansa, Iya Abubakar, mutumin Adamawa, ya bi ta Kwalejin Zariya zuwa Ibadan da Kambirij, ya zama farfesan lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello yana da ƙuruciya, ya kuma shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Amma sunayen waɗanda suka hau ba su nuna yawan waɗanda ba a kai su gindin tsanin ba. 'Yan mata su ne mafi yawa a cikinsu: sai a 1930 aka buɗe makarantun mata na farko a Kano da Katsina, su ma ba da nufin kai yarinya kwaleji ba.

Tsanin Sabon Gari

A ƙetaren hanya labarin dabam ne. Turawan mulki sun hana 'yan mishan aiki a cikin birni, amma sun bar su a Sabon Gari, wanda bai shiga ƙarƙashin En'e ta Kano ba sai a 1940. A nan coci-coci suka kafa makarantu, kamar Holy Trinity ta Angilika da makarantun Katolika. Ƙungiyoyin jama'a ma suka kafa nasu, kamar ƙungiyar Ibo da ƙungiyar Ansaruddini ta Yarbawa Musulmi. A 1948 'yan'uwa mata na St. Louis suka iso Kano, suka shiga aikin ilmin 'yan mata.

Abu uku suka bambanta wannan tsani da na En'e. Na farko, iyaye ne ke kai 'ya'yansu da kansu, har su biya kuɗin makaranta, gama uban da ke akawu a tashar jirgi ko a kantin Bature ya san abin da takarda ke jawowa. Na biyu, da wuri a ke fara Turanci, a bi tsarin Kudu har a kai Sitanda Shida. Na uku, ƙarshen tsanin ba a Kano ya ke ba. Yaron da ya yi fice sai a tura shi ya nemi shiga Kwalejin Sarki ta Ikko, wadda aka kafa a 1909, ko makarantun mishan na Anaca, daga baya kuma St. John's ta Kaduna ko St. Paul's ta Wusasa. Fada ko fasto ko babban malami shi ke ba da shaida, wani lokaci kuma ƙungiyar 'yan gari ɗaya ta haɗa kuɗi ta ɗauki nauyin yaro guda wanda ta ga alamar zai ɗaga sunan garinsu.

Wannan tsani ma yana da waɗanda ya ke zubarwa. Ɗan lebura wanda ya kasa biyan kuɗin zango a kan kore shi gida, ko da shi ne na ɗaya a lissafi. Amma a dunƙule, yaron Sabon Gari ya riga yaron Fagge shiga Turanci da shekaru. Duk ranar da aka haɗa su a jarrabawa guda da Turanci, bambancin da za a gani na tsani ne, ba na kai ba. Tsoron wannan rata yana cikin abubuwan da suka haifar da manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati a shekarun 1950, yana kuma cikin abin da ke ƙarƙashin rikicin watan Mayu na 1953, wanda aka gwabza a iyakar Fagge da Sabon Gari.

Zamanin Jarrabawa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ra'ayin masu mulki game da zaɓen yara ya sauya. Tun a 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka shirya gwajin basira a Faransa, a 1916 kuma Lewis Terman ya gyara shi domin Amurka. A Ingila, bayan dokar ilmi ta 1944, aka riƙa gwada yara suna da shekara goma sha ɗaya a kan lissafi da Turanci da basira, sakamakon kuwa shi ke nuna irin sakandaren da yaro zai shiga. Wannan tunani ne ya biyo jami'an ilmi zuwa Nijeriya. A 1952 aka kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC.

A Jihar Arewa, cikin shekarun 1950, aka sāke fasalin makarantu. Elementare ta zama ƙaramar firamare ta shekara huɗu, aka ɗora babbar firamare ta shekara uku, midil-midil kuma suka zama sakandaren lardi. Yanzu shinge ya zama biyu: ɗaya a ƙarshen aji huɗu, ɗaya a ƙarshen aji bakwai, inda a ke zama jarrabawar da yara ke kira Kwaman Entarans, a biyo ta da ganawa. Bisa ga sakamako a ke rarraba yara: na sama su tafi sakandare, na biye kwalejin horon malamai, waɗansu makarantar sana'a, mafi yawa kuwa su koma gida. Abin lura ga masu horon malamai shi ne, ta wannan hanya sau da yawa wanda zai koyar da lissafi a firamare ba ya cikin waɗanda suka fi ƙwarewa a kansa.

Jarrabawa ta rage ikon hakimi, wannan kuwa ci gaba ne na gaske. Ɗan talakan da ya ci, da wuya a hana shi a fili. Amma ta kawo nata aibi. Tambayar lissafi da Turanci ta ke zuwa, sau da yawa cikin ɗan labari, har yaron da zai iya warware ta da ka in an faɗa masa da Hausa ya faɗi domin kalma guda ta shige masa duhu. Masana sun lura da haka. Cikin shekarun 1960, da taimakon ƙwararru daga Amurka, aka kafa sashen gwajin basira wanda daga baya ya shiga cikin WAEC, aka shirya tambayoyi na siffofi da jerin lambobi waɗanda ba su dogara ƙwarai ga harshe ba. Sai dai duk gwajin da aka san fasalinsa ana iya koya wa yaro dabarunsa, mai kuɗin biyan malamin darasin yamma kuwa shi ke samun wannan koyarwa. Ingila kanta ta fara janyewa daga jarrabawar shekara goma sha ɗaya tun 1965, saboda irin waɗannan dalilai.

Har abin da a ke kira lissafi ma bai zauna wuri ɗaya ba. A 1962 masana daga Afirka da Amurka da Ingila suka taru a Entebbe ta ƙasar Uganda, suka fara rubuta littattafan lissafin zamani, wanda ke farawa da rukunin abubuwa da dalilan ƙa'idoji maimakon haddar jadawali. An gwada shi a makarantun Nijeriya, amma malamai da yawa ba su sami horo a kansa ba. A watan Janairu na 1977 Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke shi. Yaran da suka yi firamare a tsakanin nan an auna su da mizanin da malamansu ba su gama fahimta ba.

Dawakin Kudu da Dawakin Tofa

Kashe-kashen 1966 sun sa Ibo da yawa suka bar Sabon Gari, aka kuma rasa ma'aikata masu yawa a jirgin ƙasa da gidan waya da asibiti. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, sabuwar gwamnati ta tarar 'yan jiha likitoci da injiniyoyi ba su taka kara sun karya ba. Cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan da na ƙungiyoyi da dama, a 1976 kuma aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a duk ƙasa. Yara suka cika azuzuwa fiye da yadda malamai za su iya lura da su ɗaya ɗaya.

Amsar da Kano ta bayar ita ce makarantun sakandare na kimiyya, waɗanda aka buɗe a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, zamanin Gwamna Kanar Sani Bello, aka kuma ba su hukuma tasu ta kansu. Daga baya aka ƙara na 'yan mata. An tara ɗakunan gwaji da ƙwararrun malamai wuri guda, ana kwana a makaranta, lissafi da kimiyya su ne ginshiƙin karatu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari mai zurfi a kan wannan shiri. Daga waɗannan makarantu ne likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa suka fito.

Abu biyu game da zaɓensu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, ba daga firamare a ke ɗiba kai tsaye ba. Sai yaro ya yi ƙananan azuzuwan sakandare sa'an nan ya zauna jarrabawar zaɓe. Wannan jinkiri hikima ce, gama yaron da ya fito daga firamare mai rauni yana samun lokacin da zai kama Turanci kafin a auna shi. Amma wanda bai tsallake shingen firamare ba, labarin makarantar ma ba ya isa gare shi. Na biyu, domin 'yan asalin jiha aka kafa su. Yaron da aka haifa a Sabon Gari, wanda Hausa ce bakinsa a wasa da kasuwa, amma kakansa daga Kudu ya zo, ba shi aka gina wa su ba. Rata ta dā ta juyo ke nan: wanda tsanin mishan ya fifita jiya, shi ne tsanin jiha ya bari a waje.

Kwalejojin Tarayya da Suleja

Gwamnatin Tarayya ta buɗe tata ƙofa. A 1966 ta kafa kwalejoji a Sakkwato da Warri da Okposi domin haɗa yaran sassan ƙasa, a 1973 aka buɗe ta Kano. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci yara masu baiwa a cikin waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman. A 1986, zamanin da Farfesa Jibril Aminu ke Ministan Ilmi, aka fito da tsarin ilmin masu baiwa, a 1990 kuma aka buɗe makarantarsu a Suleja, inda gwamnati ta ɗauki nauyin karatu da abinci da kwana. A 1988 aka kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wadda ta riƙa shirya gasar lissafi. Bayan da aka kafa hukumar jarrabawa ta NECO a 1999, ita aka danƙa wa jarrabawar shiga kwalejojin tarayya da ta shiga Suleja, 'yan aji shida na firamare ke zama, lissafi da basirar lambobi kuwa suna da babban kaso a ciki.

A nan ne takardar asali ta shiga cikin mizani sosai. Tsarin Mulki na 1979 ya shimfiɗa ƙa'idar raba gurabe tsakanin jihohi, saboda haka aka riƙa yanka wa kowace jiha nata makin shiga. A jerin da aka bayyana a 2013, ɗan asalin Anambara yana bukatar maki 139 daga 200, ɗan asalin Kano kuwa 67. A sauran wurare wannan lamba ce a takarda. A Bata kuwa yara biyu ne a benci guda, malami guda ya koya musu, ɗaya ya kwana a Fagge ɗaya a Sabon Gari, aka auna su da mudu biyu. An kai irin wannan ƙara gaban shari'a: wata yarinya 'yar asalin Jihar Ogun da ta zauna jarrabawar 1988 ba a kira ta ganawa ba, alhali an kira waɗanda ba su kai ta maki ba daga waɗansu jihohi. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, amma ba a gama ta ba sai a 1996, lokacin da gurbin da a ke jayayya a kansa ya daɗe da wucewa.

Masu kāre tsarin suna da hujja mai ƙarfi: ratar da tsani biyu na zamanin Turawa suka haifar ba za ta rufe da kanta ba, ƙasar da wani sashenta ba shi da likita nasa kuwa ba ta zauna lafiya ba. Sai dai rangwamen maki yana amfanar wanda ya zauna jarrabawa ne kaɗai. Kafin yaro ya zauna, sai wani ya san da ita, ya biya kuɗin rajista, ya nemo takardar shaidar ƙaramar hukuma, ya kai shi cibiya ranar Asabar. Yaron da ke tsaron rumfa a Kantin Kwari ko kasuwar Singa, wanda ke lissafa kuɗin dila goma da ragi da riba kafin ubangidansa ya taɓa na'ura, rangwamen bai same shi ba, gama ba a rubuta sunansa ba.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan tarihi ba na Kano kaɗai ba ne. A gundumar Broward ta Jihar Fulorida a Amurka, a dā malamai da iyaye ne ke gabatar da yaron da za a gwada domin ajin masu baiwa. A 2005 aka fara gwada dukan 'yan aji biyu da gwajin siffofi wanda bai dogara ga harshe ba. David Card da Laura Giuliano, waɗanda suka buga nazarinsu a 2016, sun tarar cewa adadin 'ya'yan matalauta da baƙar fata da masu jin Sifaniyanci da aka gano ya ƙaru ƙwarai, ba tare da an sauya ƙa'idar cancanta ba. Da kuɗi suka yi ƙaranci aka sassauta shirin, sai adadin ya koma baya. Yaran suna nan tun farko; gabatarwa ce ba ta kai gare su ba.

Haka abin ya ke a Fagge da Sabon Gari. Hakimi ya kawo wanda ya samu, mishan ta ɗauki wanda ya iya biya, jarrabawa ta auna wanda aka yi wa rajista, takardar asali ta rarrabe waɗanda suka rage. An yi ta gardama a kan adalcin mizani shekara da shekaru, an manta da tambayar wanda aka ɗora a kansa. Jihar Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma tilas a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Wannan tambaya tana cikin waɗanda irin waɗannan matakai za su amsa.

Abu uku ke fitowa daga nan ga kwalejojin horon malamai. A gwada yara duka a tsakiyar firamare, ba sai an jira iyaye sun nema ba. A yi tambayar lissafi da harshen da yaro ke tunani da shi, domin kada a auna Turanci a ce an auna lissafi. Kuma kada a rufe ƙofa da gwajin rana ɗaya, a bar wata dama a gaba, kamar yadda makarantun kimiyya suka yi. Bayan wannan, akwai abin da makarantar allo ta sani wanda jarrabawa ba ta maye gurbinsa ba, watau malamin da ya zauna da yaro har ya san shi. Malamin da a ke horarwa yau, in an koya masa yadda zai gane yaron da ya gama aiki ya yi shiru a bayan aji, ya kuma san ƙofar da zai kai shi, ya riga ya yi rabin aikin da hukumomi suka shekara ɗari suna nema.